Jagorar Bakanike: Ƙera Kayan Sauya Wuyan Kafireto a Tsohon Babur

A Gaya tsohon babur bai san hutu ba. Shi ke ɗauko rake daga fadama, shi ke kai buhun shinkafa bakin kogi, shi ke zuwa Kamba ya dawo kafin azahar. A garejojin garin za ka tarar da dangin Honda Super Cub, wanda aka fara ƙerawa a Japan a 1958, da CG125 da ya fito a 1975 tare da ire-irensa ƙirar Sin, da Yamaha Mate, da Jincheng mai hayaƙi, jefi-jefi har da Mobylette ta zamanin iyayenmu. Da waɗannan babura ake ci da gida, ake biyan kuɗin makaranta, ake kai mara lafiya asibiti.

Akwai wani ɗan ƙarfe a jikin injunansu da ba a cika kula da shi ba sai ya jawo asara, wato wuyan da ya haɗa kafireto da kan inji. Idan ka je saye, a shagunan Gaya da Malanbil pip za ka tambaya, a Kamba kuma manifol. Ta cikinsa iska da fetur ke bi su shiga inji, kuma wahalar hanya a kansa take ƙarewa: girgizar burjin ƙauyukan Dandi, ƙurar hunturu, ruwan damina da Gaya ta fi yawancin Nijar samu, ga zafin injin da aka yi wa lodi fiye da ƙima. Rufe gadar Gaya da Malanbil a ƙarshen Yulin 2023 ya ƙara wata wahalar, domin ƙetare Kogin Kwara ya koma kwale-kwale, babura ma a ciki ake loda su, mai ɗagawa kuwa ba ya zaɓen inda zai kama.

Sauya wuya aikin rabin awa ne idan komai ya kwance lafiya. A tsohon inji kuwa ba kasafai hakan ke faruwa ba. Noti ya yi tsatsa, sitod ya karye a cikin rami, zare ya cinye. A nan ne gaggawa da kurfi da guduma ke halaka kan inji. Abin da nake so kowane bakanike da yaronsa su riƙe shi ne, wuya ana saye, gasket ana yankawa, amma kan injin babur mai shekara 40 in ya tsage, sai an yi sa'a a sami madadinsa. Duk kayan aikin da ke cikin wannan jagora manufarsu ɗaya ce: su sha wahalar, kan inji ya tsira. Kuma dukkansu daga tarkacen gareji za ka ƙera su, da ɗan taimakon mai walda.

Sanin wuya da alamomin ciwonsa

Wuya iri uku ne. Akwai na alminiyam mai kunnuwa biyu, irin na dangin Cub, wanda ake ɗaurewa da bol ko sitod masu kaurin milimita 6, wato M6. Tsakaninsa da kan inji akwai gasket ko zoben roba, a yawancin injuna kuma akwai baƙin faifai mai hana zafin inji isa ga kafireto. Akwai na roba, wanda kafireto ke shiga bakinsa a matse shi da kilif. Na uku bututu ne da ake murzawa ko a dasa shi da matsi a jikin ƙarfe. Tsofaffin Harley-Davidson na Amurka manyan irinsa suke da su, har da ƙusar da ke kulle su. A wajenmu ƙaraminsa aka fi gani, wato ɗan bututun tagulla da siririn tiyo ke shiga.

Injin fetur yana son iska kusan kashi 15 a kan kashi 1 na fetur, a ma'aunin nauyi, kuma kafireto ne ke auna wannan rabo. In wuya ya tsage ko gasket ya mutu, iska za ta shiga ta bayan fage, ba a auna ta ba, ba a tace ta ba. Fetur ya yi kaɗan, inji ya ɗau zafi, ƙura ta wuce kai tsaye ta cinye ringi. A inji mai hayaƙi abin ya fi muni, domin zafin kan iya sa fistin ya kama ko ya huje a tsakiyar tafiya.

Ɗan kabu-kabu zai zo ya ce, "Maigida, duba min shi. In na saki totur ba ya sauka, da safe kuma sai da cok." Da jin haka ka fara zargin wuya. Ciro filogi ka duba. In bakinsa fari fat ne, zargi ya ƙara ƙarfi. Sauran alamomin su ne silo da ba ya zama wuri ɗaya, da salansa mai tas-tas in an rage gudu, da danshin mai da ƙura ta manne a kai daidai mahaɗa.

Kaya na farko: marfin gwajin iska

Kada ka kwance komai sai ka ga inda iskar ke shiga. Gwaji mai sauƙi shi ne ka bar inji yana silo, ka ɗiga ruwa ko baƙin mai a kan mahaɗa ɗaya bayan ɗaya. Inda muryar inji ta sauya, nan ne. Wasu fetur suke watsawa. Ka hana yaranka wannan, balle a garejin da jarkokin fetur ke jere a gefe.

Gwajin da ba ya ƙarya sai da marfi. Nemi faffaɗan ƙarfe mai kaurin milimita 5 ko 6, ka yanka shi daidai fuskar da kafireto ke zama. Ɗora tsohon gasket a kai ka yi alamar ramukan bol biyu, ka huda. A tsakiya ka huda ramin da bawul ɗin tsohon tiyub zai shige. Karɓo bawul a wurin mai faci, ka yanko shi da faifan robarsa mai faɗi, domin robar ce za ta toshe tsakanin marfi da wuya. In wuyan roba ne, sai ka sassaƙa toshiyar katako mai ƙarfi daidai kaurin bakin kafireto, ka dasa bawul a tsakiyarta, ka matse da kilif.

A inji irin na Honda, cire filogi, ka toshe ramin da babban yatsa, ka juya inji a hankali har iska ta tura yatsan, sannan ka daidaita alamar T ta jikin maganeto. A nan bawul ɗin shigar mai a rufe yake. Ɗaura marfi, ka kaɗa ruwan sabulu ya yi kumfa, ka shafe wuya duka da shi, yaro ya riƙa buga famfon keke sannu-sannu. Rabin bar ya isa. Duk inda ƙwayar kumfa ta taso tana girma, ka yi alama da alli.

Inji mai hayaƙi sai ka toshe bakin salansa ma da roba da faifan ƙarfe, filogi yana ɗaure. Iskar kada ta wuce bar 0.4, domin fiye da haka kan iya turo sil ɗin ƙaramshaf waje. Ka shafa kumfar har bakin sil ɗin da ke bayan maganeto. Sau da yawa ana ɗora wa wuya laifin da ba nasa ba.

Shiri kafin kwancewa

Bari inji ya huce. Rufe makunnin fetur, ka zubar da na cikin kafireto a kwano, ka wanke kewayen wuya da buroshi da kananzir kafin ka taɓa noti ko ɗaya, don yashin da ya taru kada ya faɗa ciki. Da zarar wuya ya fita, cusa tsumma mai tsabta a ramin inji, ka bar jelarsa a waje yadda ba za a manta da shi ba. In za ka yi huda ko gugar zare, shafa wa tsumman giris ya kama garin ƙarfe.

Sukurorin tsofaffin baburan Japan masu kan gicciye ba su cika jituwa da sukundireban kasuwa ba, domin tsininsa yakan taɓa ƙasa kafin haƙoransa su kama. Goge tsinin kaɗan da magagari har ya zauna daram. Sa shi a kan sukuru, ka buga ƙeyarsa sau biyu ko uku da guduma, sannan ka murɗa kana dannawa. Don ɓamɓare wuyan roba da ya manne, lanƙwasa bakin tsohuwar wayar taya ya zama ƙugiya, ka goge kaifinsa, ka zagaya da shi a ƙarƙashin leɓen robar. Kada ka cusa sukundireba tsakanin fuskoki biyu na alminiyam kana ɓanɓara. Tabon da zai bari shi ne sabuwar ƙofar iska.

Kaya na biyu: noti biyu da notin walda

Sitod da ya lanƙwashe ko zarensa ya lalace dole ya fita. In akwai sauran zare a waje, ɗaura noti biyu a kai, ka matse su da juna da sifana biyu lamba 10, sannan ka juya na ƙasa hagu. Filaya mai kama-ka-riƙe tana tauna sitod ne kawai, ta bar ka da guntun da ba ya kamuwa.

In ya ƙi motsi, kada ka ƙara ƙarfi, ƙara zafi. Alminiyam yana buɗewa kusan ninki biyu na baƙin ƙarfe idan ya ji wuta, don haka jikin da ke kewaye da sitod za ka ɗumama, ramin ya saki. Ka kiyaye, alminiyam ba ya yin ja kafin ya narke. A wajen digiri 660 yake zubewa ba sallama. Ma'auninka ɗigon ruwa ne: da ya yi cuu ya tsere, wuta ta isa. Ɗiga baƙin mai da aka sirka da kananzir a gindin zaren, ka ɗan ƙwanƙwasa kan sitod, ka juya kaɗan hagu, kaɗan dama, kana ƙara tazara har ya biyo ka.

In ya karye daidai fuska ko ya ɗan leƙo, walda ce magani. Cire tanki da kafireto ka kai su nesa, ka zare wayar batir da ta akwatin wuta in babur ɗin yana da shi. Maƙala wayar ƙasa ta walda a jikin kan inji kusa da aikin, don wuta kada ta bi ta cikin boris. Ɗora washa a kan guntun, mai walda ya ɗiga ƙarfe ta raminta ya haɗe su, sannan a ɗora noti M8 a cika cikinsa. Ƙarfen walda ba ya kama alminiyam, zafin kuma yana karya tsatsar da ta riƙe zaren. Jira jan ya mutu, sannan ka gwada da sifana. In notin ya ɓalle, a sake. Sau uku ma ba asara ba ce, domin kowane zagaye yana ƙara sassauta shi.

Kaya na uku: jagoran huda

Guntun da ya karye can cikin rami sai huda, kuma a nan aka fi kashe kan inji. Baƙin ƙarfe yana da tauri, alminiyam da ke kewaye da shi yana da laushi, bakin diril kuwa wajen laushi yake gudu. Hannu komai ƙwarewarsa ba ya iya hana shi. Jagora ke hanawa.

Nemi dunƙulen ƙarfe mai kaurin milimita 20 ko fiye, fuskarsa a miƙe. Ɗora kunnuwan tsohon wuya a kai ka yi alamar ramukan biyu, ka kai wurin mai injin huda na tsaye ya huda su milimita 6.5, a miƙe sak. Wannan huda kada a yi ta da diril na hannu, domin duk karkatar da ke jikin jagora ita za ta koma jikin inji. Sai a gyara ɗan guntun ƙarfe da zai shige rami ɗaya ba tare da wasa ba, a huda tsakiyarsa milimita 3. In ka sami mai injin sassaƙa ƙarfe, ka sa ya yi maka irinsa uku: mai rami 3, mai 4, mai 5.

Ɗaura jagoran da bol a ramin da ke da lafiya, ka leƙa ta ɗaya ramin ka daidaita shi a kan guntun, ka matse. Tun kafin ka ɗaura shi, auna zurfin rami mai lafiya da tsinke, ka naɗa salatif a jikin bakin diril daidai wannan zurfi, ka haɗa da kaurin jagora. Wuce wannan alama na iya kai ka cikin hanyar mai ko ta iska. Zura ɗan ƙarfen nan mai rami 3 a cikin jagora, ka fara da 3, diril yana juyawa a hankali, kana ɗiga mai, kana fitowa kana share gari. Koma 4, sannan 5. Milimita 5 shi ne cikin zaren M6, saboda haka abin da zai rage siririn zare ne kawai na tsohon sitod, wanda za ka tsinto da allura.

Akwai ƙarfen ciro guntu mai zaren hagu da ake sayarwa. A kan M6 mai tsatsa ba na ba da shawararsa. Siriri ne, ga tauri. In ya karye a ciki, babu bakin diril na kasuwa da zai ci shi.

Kaya na huɗu: bol mai share zare, da gyaran zaren da ya cinye

Ramin da sitod ya fito daga ciki cike yake da tsatsa da tsohon gam. Taf, wato ƙarfen yanka zare, yana cin alminiyam ɗin da kake lallaɓawa. Bol mai sharewa ya fi shi tausayi. Ɗauki bol M6 mai ƙarfi, irin mai lamba 8.8 a ka. Fara ɗaura masa noti har gindi, ka kama shi a bayis, ka yanka tsagi uku a tsaye a jikin zaren da zarton ƙarfe, tsawon milimita 12. Kwance notin ya bi ta kan tsagin ya kwantar da ƙaiƙayin. Cika tsagin da giris, ka shigar da bol da yatsu, zagaye ɗaya gaba, rabi baya, kana fitowa kana gogewa.

Bayan sharewa, gwada sabon bol. In yana rawa ko ya ƙi matsewa, zare ya tafi. Kada ka naɗa masa zaren buhu ko waya, kada ka tura sukurun katako. Ga hanyoyi uku na gaskiya. Ta farko ita ce zaren waya na kanti, Helicoil, in ka samu: a huda 6.3, a yanka da taf ɗinsa, a murza shi ciki. Ta biyu sitod mai hawa biyu, gindinsa M8, samansa M6. A huda ramin 6.8 ta cikin jagoran da aka buɗe daidai, a yanka zaren M8, a dasa. Wannan ita ce ta fi dacewa da yawancin injunanmu. Ta uku hannun riga ne da ake yi daga bol M10, a huda tsakiyarsa 5 a yanka M6 a ciki, ramin inji kuma a huda shi 8.5. Kada ka gwada yin hannun riga da bol M8, domin naman da zai rage tsakanin zaren ciki da na waje bai kai komai ba, zai tsinke. M10 kuma sai in akwai nama aƙalla milimita 3 kewaye da ramin bayan an huda.

Abin dasawa bol ne da noti da washa. Ɗaura noti a jikin bol M6, ka sa washa, ka murza hannun rigar a ƙasa, ka matse notin a kansa. Shafa gam ɗin kulle zare, ka murza duka cikin rami har ya nutse ƙasa da fuska kaɗan. Riƙe bol, ka sassauta noti, bol ya fito shi kaɗai. Ko wace hanya ka bi, zare ya kama alminiyam zurfin milimita 10 zuwa 12. Taf ma ta cikin jagora za ka fara shi, don ya shiga a miƙe.

Kaya na biyar: maciri da madasin bututun tagulla

Tun 1964 Yamaha ta fara sa wa injunanta masu hayaƙi famfon da ke aika mai da kansa, kuma a da yawa daga cikinsu man ta ɗan bututun tagulla yake shiga hanyar iska. Wasu baburan kuma suna da irin bututun don tiyon makunnin fetur mai aiki da zuƙa. In ya yi sako-sako iska za ta shiga. In na mai ne ya toshe ko ya karye, inji zai kama.

Don ciro wanda ya karye, yanka zare a cikinsa da ƙaramin taf daidai raminsa, M3 ko M4. Kifa ƙaramin soket a kansa ya zama gada, ka sa washa, ka zura dogon sukuru mai noti ya kama zaren. Riƙe sukuru, ka murɗa noti, bututun zai taso a miƙe ba tare da ya buɗa ramin ba. Don dasa sabo, huda tsakiyar guntun bol yadda bakin bututun zai shige, kafaɗarsa ta tokare. Tsoma wuyan a tafasasshen ruwa, ka sa bututun a ƙanƙara in akwai, ka shafa ɗan gam mai jure fetur, ka buga madasin da ƙaramar guduma. Wannan aiki a kan tebur ake yi, wuya a cire. Bayan haɗawa, ka tabbata tiyon mai ya cika ba kumfar iska, kuma ka zuba ɗan man hayaƙi a tankin farko don kariya.

Kaya na shida: gilashin daidaita fuska da mahudin gasket

Kunnuwan tsohon wuya kusan kullum a lanƙwashe suke, saboda shekarun da aka yi ana ƙara matse su. Kunnuwa sun taɓa, tsakiya ta ɗage. Ɗora rular ƙarfe a kan fuskar, ka ɗaga sama wajen haske. In haske ya ratsa tsakiya, ga ƙofar iskar nan. Sabon wuya na kasuwa ma ka gwada shi haka kafin ka biya, domin ba duka ke zuwa a miƙe ba.

Nemi gilashi mai kauri, milimita 5 ko fiye, ka shimfiɗa shi a kan katako, ka ɗora samfefar ruwa lamba 240. Shafe fuskar wuya da baƙar maka. Jiƙa samfefa, ka danna wuyan daga tsakiya, ka riƙa zagayawa da shi kana sauya riƙo. Da farko baƙin kunnuwa ne zai goge, tsakiya ta rage. Ci gaba har baƙin ya ɓace ko'ina, ka ƙarasa da lamba 400, ka wanke sarai. In fuskar tana da kwarin zoben roba, ka tsaya da wuri. Dole zoben ya ɗara fuska da kamar rabin milimita. Baƙin faifan hana zafi ma ka duba shi, in ya tsage ka sauya. Kada ka jefar da shi ka haɗa haka nan, domin kafireto zai yi zafi, babur ya riƙa ƙin tashi bayan an tsaya.

Gasket da takardarsa ake yi, mai kaurin milimita 0.5 zuwa 0.8. Ɗora ta a kan fuskar wuya, ka sa ƙwallon boris a kan ramin bol ka ɗan buga, zai yanke rami tsaf. Zura bol ya riƙe takardar, ka yi na biyun. Babban ramin kuma ka bi gefensa da ƙaramar guduma mai kan ƙwallo, bugu mara nauyi. In aikin ya yawaita, wasa bakin guntun bututu mai faɗin 6.5 ya zama mahudi, ka riƙa bugawa a kan katako. Robar tiyub ta yi a gwajin iska, amma ba ta zama gasket, domin fetur yana kumbura ta. Gam ɗin silikon ma haka, yana narkewa ya shige inji. Zobe kuma ka nemi mai jure mai, ba na famfon ruwa ba.

Ɗaurawa da gwajin ƙarshe

Ciro tsumma, ka leƙa ramin da tocila. Shafa wa gasket giris kaɗan. Ɗaura notuna biyun da yatsu har su taɓa, sannan ka matse su bi da bi, kwata-kwatan zagaye, wannan sannan wancan. Ƙarfin da M6 ke so a nan bai wuce niyuton-mita 10 ba, wato abin da yatsu uku za su ja a kan gajeren sifana. Wuyan roba ka tsoma shi a ruwan zafi ya yi laushi, ka shafa ruwan sabulu, kafireto ya shiga har ya zauna a kwarinsa, sannan kilif. Wanda ya riga ya tsattsage sauyawa ne maganinsa. Ɗaurin robar tiyub iyakarsa ya kai mutum gida.

Mayar da akwatin tace iska da tiyonsa. Masu cire shi suna cewa babur ya fi ja, alhali sun bar kafireto yana lilo a kan wuya shi kaɗai, kowane rami a hanya yana ƙara tsaga shi, ƙura kuma tana shiga yadda ta ga dama. Soson CG125 an yi shi ne don a wanke, a ɗiga masa mai, a mayar.

Amma tun kafin ka ɗaura kafireto da akwatin, sake gwajin marfi da kumfa. Sai an gwada akan san na ƙwarai. In babu ƙwayar da ta taso, haɗa, ka tayar, inji ya yi ɗumi. Yawanci za ka tarar wani ya riga ya murɗa sukurorin kafireto don ɓoye ciwon, don haka mayar da sukurun iska wajen zagaye ɗaya da rabi daga rufe, ka daidaita daga nan, ka sauke silo. A yi tafiyar kilomita 10, a duba filogi. Kalar soyayyar gyaɗa ake nema. Washegari, inji a sanyaye, ka sake taɓa notunan.

Inda ya kamata ka tsaya

In tsagar ta shiga jikin kan inji, ko kunnen da sitod ke zama ya ɓalle, aikin ya wuce waɗannan kaya. Sai mai waldar alminiyam, a Dosso ko Yamai ko Birnin Kebbi in ba a samu kusa ba. Faɗa wa mai babur gaskiya tun kafin ka huda: "Malam, wannan ya fi ƙarfin garejin nan, ga inda za ka kai." Hakan ya fi a ce ka karɓi kuɗinsa ka cika ramin da gam, babur ya mutu masa a daji da kaya.

Kayan nan shida ka yi musu akwati guda, ka rubuta a jikin kowane jagora irin injin da aka yi shi dominsa, domin tazarar ramukan Cub daban, ta CG daban. Ka sa yaran gareji su ƙera nasu da hannunsu, kana tsaye. Yaron da ya ɓata yini yana daidaita jagoran huda ya san darajar ramin da ke miƙe, ba zai ɗauki kurfi ya nufi kan injin mutane ba. Kuma ka sa gwajin kumfa cikin kuɗin aiki, a yi shi a gaban mai babur kafin gyara da bayansa, ya ga abin da ya biya da idonsa.